CIWON SAIFA: YADDA YAKAN KAMA FATAR MASU HULƊA DA DABBOBI

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda babu dabba a gidansu. In babu saniya, akwai akuya ko tunkiya. In babu su, akwai alade ko jaki. Da yawa daga cikinmu da kuɗin awaki aka biya mana kuɗin makaranta, da shanun huɗa kuma ake noma abincin da muke ci. Saboda haka lafiyar dabba da lafiyar mai ita a haɗe suke. A wannan shekara mun ga ya kamata mu yi amfani da wannan fili mu yi bayani a kan wata tsohuwar cuta wadda takan tashi daga dabba ta kama mutum, wato ciwon saifa. Za mu fi mai da hankali ga irin wanda yakan kama fata, gama shi ya fi yawa: cikin mutum 100 da cutar ta kama, fiye da 95 ta fata ta shige su. Muna roƙon 'yan makaranta su karanta da kyau, su kuma karanta wa iyaye a gida lokacin hutu.

Mene ne ciwon saifa?

Makiyaya da mahauta sun daɗe da sanin cutar nan. Sun sa mata sunan saifa ne domin in aka buɗe cikin dabbar da ta kashe, akan tarar saifarta ta kumbura ƙwarai, ta yi baƙi, ta yi laushi. Turawa suna kiranta antiraks, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar gawayi, saboda baƙin ɓawon da takan yi a fatar mutum. Waɗansu masana suna tsammani ita ce annobar da ta kashe dabbobin Masarawa, da marurai da suka biyo baya, kamar yadda aka ba da labari a Littafin Fitowa sura 9.

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch shi ne ya bayyana yadda take rayuwa a shekarar 1876. Muddin tana cikin jinin dabba, ƙwayar ba ta da wuyar kashewa. Amma da zarar jinin ya zuba waje, iska ta taɓa shi, sai ta naɗe kanta cikin wani ɓawo mai tauri kamar sulke, ta kwanta. Kamar dai yadda irin ciyawa yakan kwanta a ƙasa duk rani yana jiran ruwa, haka ƙwayar nan mai sulke takan jira, sai dai ita tana iya jiran shekaru masu yawa. Zafin rana ba ya kashe ta, gishiri da hayaƙi da shanya ma haka. A 1942 sojojin Ingila suka gwada ta a wani ƙaramin tsibiri a Sikotilan. Sai a 1990, bayan an feshe ƙasar da magani mai ƙarfi, aka yarda mutane su sake taka wurin. Shekara 48 ke nan.

Dabba takan ɗauki ƙwayar sa'ad da take kiwo ko shan ruwa a inda wata ta taɓa mutuwa. Shanu da tumaki da awaki sun fi saurin kamuwa, sai dawaki da jakuna da raƙuma. Alade da kare suna da ɗan juriya, amma su ma sukan kamu in sun ci naman da ke da cutar.

Kada wani ya ce ai wannan labarin dā ne. A watan Yuni na 2023 cutar ta ɓulla a arewa maso gabashin Gana, har gwamnatin Nijeriya ta ja kunnen jama'a game da cin ganda. A watan Yuli na shekarar aka tabbatar da ita a wata gonar dabbobi a yankin Suleja, Jihar Neja. A watan Janairu na 2025 kuma aka tabbatar da ita a Jihar Zamfara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda za mu gane dabbar da ake zargi

Babbar alama ita ce mutuwar farat ɗaya. Sa ya ci ya sha da maraice, da safe a tarar da shi a mace. Wani lokaci akan ga zazzaɓi, da rawar jiki, da haki, da tangaɗi na 'yan sa'o'i kafin ya faɗi. Bayan mutuwa akan ga baƙin jini yana fitowa ta hanci, ko ta baki, ko ta dubura, jinin kuwa ba ya daskarewa. Gawar takan kumbura da sauri, ba ta kuma sandarewa sosai kamar yadda aka saba gani. Amma mu lura, ba kullum ne dukan alamun nan suke bayyana ba. Duk dabbar da ta mutu haka kawai ba a san dalili ba, sai a ɗauke ta kamar mai saifa har likitan dabbobi ya ce ba ita ba ce.

Yadda takan bayyana a fatar mutum

Ƙwayar takan shiga ta inda fata ta buɗe, kome ƙanƙantar wurin. Yawanci bayan kwana 1 zuwa 7, wani lokaci fiye da haka, sai wani ɗan ƙurji ya fito mai ƙaiƙayi, kamar cizon sauro. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ɗuri ruwa, ya fashe, ya zama gyambo. Daga nan tsakiyarsa ta bushe ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, gefensa kuma ya kumbura sosai. Akan sami kaluluwa a hammata ko a wuya, da zazzaɓi, da ciwon kai.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, gyambon ba ya zafi kamar maruru, ba ya kuma tara mugunya. Sai mutum ya ce ai ba kome, zai warke da kansa. Gaskiya ne waɗansu sukan warke, amma in ba a yi magani ba, cikin mutum 5 cutar tana iya kashe 1, domin ƙwayar takan shiga jini. In kuwa an je asibiti da wuri, wanda yakan mutu bai kai 1 cikin 100 ba. Gyambon da ya fito a fuska ko a wuya ya fi hatsari, gama kumburin yana iya toshe hanyar numfashi.

Abubuwan da ke jefa mutum cikin hatsari

1. Yanka dabba marar lafiya. Wannan shi ne babba duka. Mun saba in dabba ta faɗi tana shure-shure, sai a ruga a kawo wuƙa don kada ta zama mushe a yi hasara. To, a daidai wannan lokaci ne jininta yake cike da ƙwayar cutar fiye da kowane lokaci. Mai yanka da masu danne ta duk jinin zai wanke musu hannu, ƙasar wurin kuma ta gurɓace shekara da shekaru. Wuƙa tana iya hana dabba zama mushe, amma ba ta fitar da cutar da ke cikin jininta.

2. Fiɗa da gyaran kayan ciki. Mai fiɗa yakan daɗe hannunsa cikin jini, da wuya kuma ya gama ba tare da wuƙa ko tsinin ƙashi ya ɗan karce shi ba. Binciken da aka yi a gundumar Kween ta ƙasar Uganda a 2018, bayan mutanen wani ƙauye sun feɗe saniyar da ta mutu sun raba, ya nuna cewa masu fiɗa da masu ɗaukar naman da masu share ƙazantar suna cikin waɗanda suka fi samun gyambon. Haka nan mai wanke tumbi da hanji a bakin rafi yana cikin hatsari, yana kuma ɓata ruwan da dabbobi da mutane za su sha.

3. Dakon nama da ɗanyar fata. Wanda ya saɓa cinyar sa a kafaɗa, ko ya ɗora ɗanyar fata a ka, jini zai bi masa wuya da fuska da baya. Shi ya sa gyambon 'yan dako yakan fito a wuya, inda muka ce ya fi hatsari. Sau da yawa kuwa yara ne ake aika wa wannan aiki.

4. Yanka nama a madafa. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata ba su zuwa wurin fiɗa, amma su ne suke yayyanka naman, su wanke shi, su shanya. Yana yiwuwa wanda ya ci dafaffen naman ya tsira, ita kuwa wadda ta gyara shi ɗanye ta kamu a yatsa. Wannan ba ya nufin cin naman ba shi da laifi. Naman da bai dahu sosai ba yakan kawo irin cutar da ke kama ciki, mai amai da gudawar jini, wadda ta fi ta fata kisa.

5. Aikin fata, gashi, ƙashi da ƙaho. Da yake bushewa ba ta kashe ƙwayar, fatar da aka feɗe bara tana iya ba da cutar bana. Majema, da dukawa, da masu fataucin ƙirgi, da masu ɗaurin ganga da kalangu, da masu babbakar ganda, duk abin ya shafe su. A ƙarni na 19 masu tsefe gashin tumaki da awaki a masaƙun garin Bradford na Ingila sun sha mutuwa saboda shaƙar ƙurar gashin, har aka riƙa kiran cutar da sunan sana'arsu. A 2007 wani mai ɗaurin ganga a Amurka ya sami gyambon daga busasshiyar fatar akuya da aka kai daga ƙasar Gini. Mu da muke amfani da ganguna a majami'a, ya kamata mu san daga ina fatar ta fito.

6. Rauni a fata. Lafiyayyar fata katanga ce. Amma wane ne cikinmu yake gama damina ba tare da yankan lauje, ko sukar ƙaya, ko kantar fartanya da ta fashe ba? Da hunturu ga faso a ƙafa da tsagewar hannu. Ga ƙazuwa da kirci da cizon ƙwari da aka sosa, ga kuma sabon aski. Kowane ɗaya ƙofa ce. Wanda ya taɓa jini sa'an nan ya share zufa ko ya sosa wuya, shi da kansa ya kai ƙwayar inda za ta shiga.

7. Wuri da lokaci. Cutar takan koma inda ta taɓa zuwa. Akwai filayen da tsofaffin makiyaya suke guje wa domin sun san shanu sukan mutu a can, kada mu raina wannan sani. Ruwan sama yakan kwashe ƙwayar ya tara ta a kwari da fadama. Da tsakiyar rani kuma, sa'ad da ciyawa ta ƙare, dabbobi sukan ci har da ƙasa. Saboda haka ƙarshen rani da farkon damina lokatai ne na lura. Haƙa rami ko noma a inda aka taɓa binne dabba yana iya tono ta. A 2016 zafin da ba a saba gani ba ya narkar da ƙanƙarar ƙasa a yankin Yamal na Rasha, cutar ta tashi ta kashe barewar da mutanen wurin suke kiwo fiye da 2,000, ta kuma kashe yaro ɗan shekara 12. Har wa yau ƙudajen da ke cizo, irin su bobuwa, suna iya ɗaukar ta daga gawa zuwa wata dabba ko mutum.

8. Rashin allurar dabbobi. Mutum ba ya samun cutar nan sai dabba ta fara samu. Ƙasar Zimbabuwe ta koya wa duniya wannan darasi. A lokacin yaƙin neman 'yancinsu aikin malaman dabbobi ya tsaya a karkara, aka daina allura. Tsakanin 1978 da 1980 mutum fiye da 10,000 suka kamu, yawancinsu ta fata, fiye da 180 suka rasu.

9. Talauci da kunya. Saniya ɗaya dukiyar shekaru ce. Mutumin da ya rasa ta, aka kuma ce ya ƙone ta, ba ƙaramin abu aka roƙe shi ba. Shi ya sa akan feɗe a sayar da araha, ko a raba wa maƙwabta. Wanda aka kawo wa kuma yana jin nauyin ya mai da kyauta. Ta haka dabba guda takan shiga gida ashirin a yini ɗaya. Mu tuna, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Abin da za mu yi in dabba ta mutu farat ɗaya

Da fari, kada a buɗe ta, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. Dalili kuwa shi ne, in gawar tana rufe, iska ba ta shiga, ruɓa da zafi sukan kashe yawancin ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki kafin su yi sulke. Wuƙa ce take ba su hanyar tsira.

Na biyu, a kawar da sauran dabbobi da yara daga wurin. A rufe gawar da tamfol ko leda mai kauri, a kewaye da ƙaya don kada karnuka da ungulaye su yage ta. Kada a jefa wa aladu.

Na uku, a aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan, a kuma sanar da mai unguwa ko dagaci.

Na huɗu, a bi umarnin malamin wajen kawar da gawar. Ƙonewa har ta zama toka ya fi kyau, a inda ta faɗi. In ba hali, a binne ta a rami mai zurfin mita 2, wato ƙafa 6 da 'yan kai, nesa da rijiya da rafi, tare da ƙasar da jinin ya jiƙa. A sa alama a wurin don kada a yi kiwo ko noma a kai.

Na biyar, masu wannan aiki su sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, mai rauni kuwa kada ya sa hannu. In an gama a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa. Kayan aiki a jiƙa su a ruwan bilic, tsummokin da jini ya ɓata a ƙone su.

In gyambon ya riga ya fito

Duk wanda ya taɓa irin dabbar nan ya riƙa duba jikinsa har mako biyu. In ya ga ƙurji mai ƙaiƙayi, ko gyambo mai baƙin tsakiya, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa likita cewa ya taɓa dabbar da ta mutu. Wannan magana ita za ta taimaki likita ya gane cutar da sauri. Akwai magunguna masu kashe ƙwayar, irin su fenisilin da doksisaikilin da sifurofuloksasin, amma likita ne zai zaɓa ya kuma faɗi tsawon kwanakin sha. Kada a saya a kemis a sha kwana biyu a bari.

Kada a matse gyambon, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɓamɓare ɓawon ko a cusa masa garin magani. A rufe shi da tsabtataccen bandeji, wanda aka cire kuma a ƙone. Ko bayan magani ya kama aiki, baƙin ɓawon yakan ɗauki makonni kafin ya faɗi, kada wannan ya tsorata kowa. Abu ne mai wuya ƙwarai mutum ya ɗauki cutar daga wani mutum, saboda haka ba dalilin gudun marar lafiya. A ziyarce shi, a yi masa addu'a, a kai masa abinci.

Rigakafi ya fi magani

A 1881 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya gwada allurar rigakafin cutar nan a gaban jama'a da tumaki wajen 50. Ya yi wa rabi allura, ya bar rabi, sa'an nan ya sa wa dukansu ƙwayar. Waɗanda ba a yi wa ba suka mutu, waɗanda aka yi wa suka tsira daga cutar. Allurar da aka fi amfani da ita a duniya yanzu wani likitan dabbobi ne mai suna Max Sterne ya samar da ita a Afirka ta Kudu a shekarun 1930. A ƙasarmu Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, Jihar Filato, wadda take wurin tun 1924, tana yin wannan allura. Sau ɗaya ake yi a shekara, kuɗinta kuwa ba a kwatanta shi da kuɗin saniya. Malamin dabbobi ne ya kamata ya yi, gama in an haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta a lokaci ɗaya, takan lalace.

Ban da allura, mu sayi nama a inda ma'aikatan lafiya suke duba dabba kafin yanka. In za a yi watanda lokacin Kirsimeti ko Ista ko bikin aure, a zaɓi dabbar da aka gan ta a tsaye tana ci tana sha. Sabuwar dabba daga kasuwa a ware ta na ɗan lokaci kafin a haɗa ta da garke. Naman da arahar sa ta yi yawa, a tambayi dalili.

Kammalawa

Tun zamanin Musa, Ubangiji ya gargaɗi jama'arsa game da cin dabbar da ta mutu da kanta da taɓa gawarta. Mai so ya duba Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14. Maƙwabtanmu Musulmi su ma addininsu ya hana cin mushe. Ashe ke nan a wannan batu bakinmu ɗaya, muna iya haɗa kai da su, manoma da makiyaya da mahauta, mu tsare garuruwanmu.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya su riƙa sanar da ranar allurar dabbobi a majami'a. Muna kuma ba da shawara, in ɗan'uwa ya rasa dabbarsa ya kuma yarda aka ƙone ta, ikkilisiya ta tara masa gudummawa, zumuntar mata da ta matasa su sa hannu. Ya yi hasara ne domin ya tsare 'ya'yanmu, bai kamata a bar shi ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. In mutane sun san za a taimake su, ba za su ɓoye mutuwar dabba ba.

Ku kuma 'yan makaranta, an aiko ku nan ne domin ku koma da abin da zai amfani gida. In kun tarar ana shirin feɗe dabbar da ta mutu farat ɗaya, kada ku yi wa manya tsawa ko ku nuna musu kun fi su sani. Ku durƙusa ku ce, "Baba, a yi haƙuri a jira malamin dabbobi ya gani tukuna." Ku bayyana dalili cikin ladabi, in ya yiwu ku nemi wani dattijo ya taya ku magana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu. Amin.